Saƙo Bakwai Zuwa Fatakwal

Ina da shekara arba'in da tara na fara rubuta sunana da hannuna. A makarantar firamaren garinmu ne, kusa da Kwandiko, inda aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya, bayan la'asar, sau uku a mako. Mu goma sha huɗu ne, duk magidanta. Bencinan na yara ne, idan ka zauna gwiwarka sai ta kusa taɓa gemunka. Malaminmu tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, ga haƙuri ga baki. Idan harafinka ya karkace sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, wannan ai ya sha rana, a ba shi ruwa ya miƙe."

Na yi karatun allo ina yaro, boko ne bai same ni ba. Ranar da na tsaya a tashar Gwaram na karanta abin da ke jikin wata bas da kaina, ba wanda ya taya ni, sai da na waiwaya ko wani ya ga abin da ya faru. Daga nan ban bar komai ya wuce ni ba. Buhun taki, kwalin shayi, takardar maganin tari, gindin bokiti, duk sai na tsaya na haɗa baƙaƙensu. Matata ta ce tun da na shiga makarantar nan ba a isa a ajiye gwangwani a gidan ba sai an ji tarihinsa.

Amma ba don buhun taki na shiga ajin ba. Akwai wanda nake so in yi wa magana, kuma bakina ba zai iya ba.

Ɗana ne na fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, haka na tarar, haka mahaifina ya yi da yayana. Ana yaye shi mahaifiyata, Inna, ta ɗauke shi. A ɗakinta ya girma, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni da uwarsa, ɗan Inna muke ce masa. Idan ina so ya kai taki gona sai in faɗa wa Inna da ƙarfi yadda zai ji daga ciki. Idan takalminsa ya tsinke, daga bakin Inna zan ji. Da ya girma ya tafi Fatakwal aikin walda, ita yake kira duk Juma'a a 'yar ƙaramar wayarta. Tana gamawa sai ta zauna a tsakar gida ta ba kaji labarinsa, mu kuma muna nan kusa, kowa ya sami abin da yake yi da hannunsa, kunne na wajenta.

Sai Allah ya yi wa Inna rasuwa. Ya iso washegarin jana'iza. Na gan shi zaune a gefen tabarma, idonsa ya yi ja, mutane na yi masa gaisuwa domin kowa ya san shi ne ya yi babban rashi. Ni ban ce masa komai ba. Ban san yadda ake farawa ba. Bayan sadakar uku ya durƙusa daga nesa ya ce zai koma, na ce wa ƙasa, "Allah ya kiyaye hanya." Ƙaramar Salla ta zo bai zo ba, Babba ta zo bai zo ba. Yakan aiko da saƙo ta hannun direbobi, atamfa da sabulu, amma babu labari. Wadda ke ɗauko magana daga can ta kawo nan ta tafi, kuma na fara jin tsoron cewa ya bi ta, ba zai ƙara ganin dalilin zuwa garin ba.

Da muka yi wata takwas a aji, Malam ya ce kowa ya zo da wayarsa. Ni a shekarar na sayi wayar shafa bayan na sayar da riɗi. Ya nuna mana inda ake rubuta tes, ya ce saƙon tes ba ya bukatar data, ko a ƙauyenmu da sabis ke wasan ɓuya yana tafiya.

"Aikin gida," in ji shi. "Kowa ya rubuta wa wani nasa saƙo. Wanda ya danna ya aika murya kuwa ya ci amanar aji, kuma zan sani."

Wani mahauci da muke benci ɗaya ya ce, "Malam, idan mutum ba shi da kowa fa?"

"Ka rubuta wa saniyar da ka yanka jiya, ka nemi gafararta."

Ana dariya, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi Fatakwal. Rubutu ba murya ba ne. Ba sai na kalle shi ba, ba sai na kira sunansa ba. Ban taɓa jin an ce al'ada ta hana rubutu ba, domin waɗanda suka kafa ta ba su san za a yi shi a tafin hannu ba.

Wayar Inna na nan cikin kwallarta. Na ɗauko, na kwafi lambarsa ɗaya bayan ɗaya, na duba sau uku. A wajen suna na rubuta "Na Inna". Washegari na tafi gona da wuri, na zauna a gindin tsamiya inda sabis ke kamawa. Babban yatsana ya saba da ƙotar fartanya, idan na nufi harafi ɗaya sai ya kwaso da maƙwabcinsa. Na goge ya fi sau ashirin. Hantsi ya dubi ludayi kafin na gama:

"Salamu alaikum. Ni ne na gida. Ruwa ya sauka. Mun shuka gero."

Na danna. Wayar ta yi wani ɗan sauti kamar tsuntsu ya tashi. Na miƙe tsaye, na zauna, na sake miƙewa. Maganata ta farko gare shi tun da aka haife shi, ga ta can ta nufi bakin teku. Na ɗauki fartanya na yi kunya biyu ban san na yi ba.

Kafin azahar wayar ta motsa a aljihuna. Na jefar da fartanyar. Daga Na Inna ne! Na buɗe, na fara haɗa baƙaƙe. Kalmar farko ta Turanci ce, ban iya ta ba, na tsallake. Sai na ga "Salamu alaikum", na ce madalla. Sai "Ni ne na gida". Sai "Ruwa ya sauka". Na kai ƙarshe na dawo farko. Maganata ce, harafi da harafi, an maido mini da ita.

A garinmu idan ka aika wa gida da kwanon tuwo, kwanon zai dawo a wanke, wani lokaci da 'yar daddawa ko kuɓewa a ciki. Idan kuwa ya dawo da tuwonsa ba a taɓa ba, to ba sai an aiko maka da manzo ba, ka san akwai magana. Na taɓa ganin 'yan'uwa biyu sun shekara uku ba sa gaisawa a kan kwano ɗaya da ya dawo a rufe. Abin da na gani a wayar ke nan.

Da wani ne, sai in kai wa Malam ya karanta mini kalmar nan ta Turanci. Amma in nuna masa me? Cewa ni, da furfurata, na zauna ina aika wa ɗan fari saƙo? Kafin magariba duk ajin ya ji, mahaucin nan kuwa har kasuwar Gwaram zai kai labarin. Matata ma ban gaya mata ba, domin ita kunyarta ta fi tawa, ko hotonsa aka miƙo mata sai ta kau da kai. Da Malam ya tambayi aikin gida na ce na rubuta wa wani ɗan'uwa a kudu.

Na ce wa raina manomi ba ya fushi da gona don shukar farko ba ta fito ba. Bayan mako biyu na sake: "Mun gama noman firi." Ta dawo. "Akuyar Inna ta haifi biyu." Ta dawo, kuma da sauri, ko gindin tsamiyar ban bari ba. Wannan saurin ya riƙa ba ni mamaki, mai fushi da ke jiran saƙonka kamar mai jiran kiran salla. Abin da ya hana ni dainawa ke nan. Kuma gaskiya, duk da nauyin da ke raina, daɗin rubutun bai sake ni ba. Ina noma ina shirya jimla a kaina. Na rubuta masa cewa gero ya yi bununi, na rubuta cewa an gyara rijiyar masallaci, na rubuta cewa riɗi ya yi fure. Hannuna ya faɗa har Malam ya fara sa ni rubutu a allo.

Na bakwai shi ne wanda na fi daɗewa a kansa. Damina ta zubar da bayan ɗakin Inna, na kwaɓa ƙasa na gyara da kaina. Na rubuta: "Ɗakin Inna yana nan. Na yaɓe shi." Ban iya faɗin abin da ya fi wannan ba. Ita ma ta dawo, sai dai kalmar Turancin da ke gabanta ta sauya kama kaɗan. Na ce to, ko ɗakin da ya girma a ciki ya maido. Na daina. Wata guda da kwanaki ban rubuta ba, shi ma shiru.

Ana cikin haka wayar ta daina shan caji. Ina da taubashi a Birnin Kudu, ɗan kawuna, sa'ana ne, yana da rumfar gyaran waya kusa da tasha. Na hau bas da safe na tafi. Yana hango ni ya ajiye abin da ke hannunsa.

"A'a! Bawana ne da kansa? An ce ka shiga firamare. Aji nawa kake yanzu, a sayo maka alewa?"

"Ajin da za a koya mini rubuta takardar sallamarka," na ce. "Karɓi nan, ta ƙi cin abinci."

Ya leƙa gindin wayar da wani gilashi, ya sa tsinke ya zaƙulo ƙasa da ƙaiƙayi. "Gonar gaba ɗaya ka zuba mata. Ga taki, saura iri." Ya jona ta, ta kama. Sai ya yi ta shafa fuskarta yana tsaki. "Wayar nan tun da aka saye ta ba a sabunta mata komai ba. Zauna, in jona ta da intanet ɗin shago ta sha sabon karatu, kamar mai ita."

Ya aika aka kawo mini kunu. Muka yi hirar 'yan'uwa, wa ya aurar, wa ya tafi Umara. Can ya ɗauki wayar ya ce bari ya gwada ko komai na aiki. Ban yi aune ba sai na ji ya ce, da muryar mai shela, "Na Inna! Wace ce kuma Na Inna? Bawana, amarya za ka yi ba mu sani ba?"

Na zabura har kunun ya zube a rigata. Ya ɗaga wayar sama yana karantawa: "Akuyar Inna ta haifi biyu." Ya san gidanmu ciki da waje, ya gane ko wane ne. Ya sauke hannu ya miƙo mini, amma bakinsa bai mutu ba.

"Lallai boko ya yi rana. Uba da ɗan fari suna soyayya a waya."

"Wace soyayya?" na ce. Tun da asiri ya riga ya tonu, gara in sauke kayan. "Duk abin da na aika maido mini yake yi. Duba ka gani."

Na karɓa don in nuna masa, sai na rasa abin nunawa. Saƙonnina bakwai suna nan a jere, amma waɗanda aka maido babu ko ɗaya. A maimakonsu, a gindin kowane saƙo nawa, ga wani ɗan hoto ƙarami ya maƙale, hannu ne an ɗaga babban yatsa. Shida haka. Na bakwai, na ɗakin Inna, jar zuciya ce.

"Ina suka tafi? Wallahi da nan suke. Maganata ce yake kwafowa, ya sa Turanci a gaba, ya maido."

Taubashina ya dube ni, ya dubi wayar, sai ya kwanta a kan bencinsa yana dariya har da riƙe ciki. Mai sayar da caja na kusa ya leƙo ko lafiya. Da ƙyar ya tashi yana share hawaye.

"Wata nawa kana ɗauke da wannan?"

"Tun shuka."

"Tun shuka! Kai, Allah ya shirye ka. Saurara. Wayar yaron nan da taka ba gida ɗaya suka fito ba. Tasa irin ta 'yan birni ce, masu ita daban, taka masu ita daban. Shi idan ya ga saƙonka sai ya danne shi ya manna masa wannan yatsan, ma'ana ya gani, ya ji daɗi. To da can wayarka ba ta san wannan alamar ba. Idan aka miƙo mata sai ta rasa inda za ta ajiye, sai a rubuto maka da Turanci cewa wane ya so kaza, a jero maganarka. Ba shi ya kwafa ba, ko sani bai yi ba. Yanzu an daidaita tsakanin gidajen biyu, suna jin maganar juna. Taka ce ta makara, tana can Kwandiko tana cin ƙasa."

"Wato ba maidowa yake ba?"

"Maidowa? Kwanonka ya cinye har ya suɗe, kai kana nan kana zaman makoki. Me kake so ya yi? Ya rubuto maka doguwar wasiƙa? Ɗan fari ne fa, shi ma da tasa kunyar. Ya sami abin da zai amsa maka ba tare da ya buɗe baki ba. Kai ka haife shi, halinku ɗaya."

Na zauna ina kallon jar zuciyar nan. Sai wani abu ya faɗo mini wanda ya sa na miƙe: wata guda ke nan da ya aiko ta, ni kuma daga ranar na yi shiru. Shi a can me zai ɗauka?

"Yanzu zan rubuta," na ce.

"Rubuta mana. Tana kan intanet, idan shi ma ya sabunta tasa har za ka ga lokacin da ya karanta."

Na rubuta: "Riɗi ya isa yanka." Taubashina na leƙe ta kafaɗata.

"Kai dai manomi ne ko a lahira. Rahoton gona yake jira? Ka ce masa ya zo gida!"

"Ba a faɗin haka."

"To faɗi yadda ake faɗi."

Na yi tunani, na ƙara: "Hannu ya yi mana kaɗan." Na danna.

Wata 'yar alama ta fito a ƙasan saƙon. "Ya tafi," in ji taubashina. Ta zama biyu. "Ya isa." Mai caja ya baro rumfarsa ya zo ya tsaya, wani ɗan acaɓa da ya kawo gyara shi ma ya matso, ban ma kore su ba. Sai alamar ta sauya launi.

"Ya karanta! Yanzu haka wayar na hannunsa!"

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Yana Fatakwal, tafiyar kwana da yini, amma na san a wannan daƙiƙar idonsa na kan abin da yatsana ya rubuta. Sai ga wasu ɗigo uku sun fito suna rawa.

"Wannan fa?"

"Rubutu yake yi. Ba yatsa zai manna ba yau, magana zai yi."

Ɗigon suka ɓace. Na ce, "Ya fasa." Suka dawo. Suka sake ɓacewa. Ɗan acaɓan ya ce, "Gogewa yake, Baba, bai sami ta faɗa ba." Na san wannan gogewar, na yi ta a gindin tsamiya. Sau huɗu suna zuwa suna tafiya, mu huɗu mun haɗa kai a kan waya ɗaya kamar masu kallon ƙwai zai ƙyanƙyashe. Sannan ta motsa. Taubashina ya kai hannu, na ture shi. Da kaina na karanta, a hankali, da ƙarfi:

"Baba, na ɗauka na yi laifi ne da kuka yi shiru. Ina tafe ranar Juma'a in Allah ya so."

Mai caja ya yi kabbara. Taubashina ya ce saura a ba shi tukuicin ɗaurin aure. Ni ban san lokacin da na fita daga rumfar ba, sai da ya biyo ni tasha da hulata da cajar wayar.

A gida na tsaya a tsakar gida na ce wa kaji, da ƙarfi, ɗan Inna na tafe ranar Juma'a. Matata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Amma kafin la'asar na ga an fito da tabarmin ɗakin Inna an shanya, an kuma kama zakaran da aka ce sai Salla an ɗaure masa ƙafa.

Ya iso ranar Asabar, motarsu ta kwana a hanya. Ya durƙusa a bakin zaure, kansa a ƙasa, ya gaishe ni. Na amsa ina kallon katanga. Ya yi ƙiba kaɗan, akwai tabon wuta a bayan hannunsa, duk da gefen ido na gani. Ba mu ƙara ko kalma ba. Washegari muka fita yankan riɗi, ni da ƙannensa da shi, yana kunyar gabas ina ta yamma, muna yanka muna ɗaurewa muna jingina dammunan tsaye don su bushe. Lauje bai manta hannunsa ba.

Da rana ta take muka nemi inuwa. Ni na zauna a gindin tsamiya, shi ya koma can ƙarƙashin wani marke, ya ba ni baya. Ina shan fura sai wayar ta motsa a aljihuna.

"Baba, baɗi a bar mini gefen gabas. Zan zo shuka."

Na karanta sau biyu. Na ce yau ni ma da alamar zan amsa, yadda yake yi. Na danne saƙon kamar yadda na ji taubashina ya faɗa, sai ga 'yan hotuna sun jeru. Na nufi hannun nan mai ɗaga yatsa, amma babban yatsana ya kwaso maƙwabcinsa, wata fuska mai dariya har da hawaye. Kafin in san yadda ake cirewa ta tafi.

Daga ƙarƙashin marken na ji wayarsa ta yi ƙara. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya cire hula ya toshe baki, dariyar ta ƙi tsayawa ta fito fili. Rabon da in ji dariyarsa kusa haka tun yana yaro, ta bayan katangar Inna. Ƙannensa suka tsaya suna kallonmu, ba su san me aka yi ba. Ni ma na juya wajen dammunan riɗi na yi tawa.

Ban canja alamar ba. Da muka koma yanka na bar masa kunyoyin gabas duka, ya fara sanin ƙasarsu tun yanzu.